Dokar Daddawa a Al Nahda

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba na jin zan manta da ranar da miyar kuka ta kusa raba ni da makwancina a Dubai.

Lokacin ban daɗe da zuwa ba, ina zaune da wasu 'yan uwa Hausawa a wani filat a Al Nahda. Babbanmu wani Alhaji ne ɗan Kano mai lodin kaya a Al Sabkha, kuma da sunansa aka kama hayar. Mutumin kirki ne, amma maganarsa ita ce doka, dokar kuma takan bi yanayin da ya tashi da shi. Akwai kuma wani ɗan Nijar da ya karanta shari'ar Turawa a Yamai, ya ƙare yana aiki a wani sito a Ras Al Khor. Metir muke ce masa, wato lauya da Faransanci, don ko cokali ne ya ɓata sai ya yi mana lacca.

Wata Juma'a kewar gida ta kama ni, na kaɗa miyar kuka, na zuba mata daddawa ba tausayi. Mu dai ƙamshi muka ji. Maƙwabtanmu kuwa suka kai ƙara wurin mai gadi cewa wani abu ya mutu a benen. Mai gadi ya tare Alhaji a gaban jama'a ya ja masa kunne.

Bayan la'asar Alhaji ya tara mu, fuska a murtuke. Ya ce, "Daga yau duk wanda ya sa daddawa a tukunya ya bar gidan nan. Kai da ka fara, tattara kayanka. Kalas, magana ta ƙare!"

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar ba abin dariya ba ne. Ban da 'yan gidan, ban san kowa a garin ba, ban san inda zan dosa da jakata ba.

Sai Metir ya gyara tabarau. "Pardon, Alhaji. Yaushe aka kafa dokar nan?"

"Yanzun nan."

"Miyar fa, yaushe aka yi ta?"

"Ɗazu mana."

"Voilà, ka gani! Ai doka ba ta tafiya da baya."

Muka fara ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Ya ce masana shari'a na Turai sun daɗe suna cewa mulkin doka yana da sharuɗɗa: a sanar da ita tun kafin a yi laifi, kowa ya gane ta, kada ta riƙa sauyawa kullum, kuma ta hau kan kowa, har wanda ya kafa ta.

Alhaji ya zaro ido. "Har ni?"

"Kai ne na farko, ranka ya daɗe. In kuma ka ce lallai ta koma baya, za ta tarar da kai a bakin tukunya kana neman ƙari."

Falon ya kece da dariya. Alhaji ya yi ta maza, daga baya shi ma ya dara. Ya ce in zauna, dokar ta fara aiki daga gobe.

Da na ga na tsira, sai na ja Metir gefe, na roƙe shi ya ƙarasa ladansa ya rushe dokar gaba ɗaya. Ya girgiza kai. "An sanar da ita, ta shafi kowa, ba ta waiwaye. Ban ce tana da daɗi ba, habibi, na ce ta bi hanya."

Haka muka yi ta shan miya salam. Wanda ya fi shan wuya kuwa Alhaji ne. Ranar da Hajiyarsa ta aiko masa da ƙullin daddawa daga Kano, ya riƙe shi yana shinshinawa kamar mai ban kwana da ɗa, sannan ya aika wa abokansa a Sharja.

A gidan nan na gane cewa doka tana iya bin ƙa'ida ba tare da ta yi wa kowa daɗi ba. Duk da haka, gara in kwana ƙarƙashin doka mai ɗaci da na san iyakarta, da in kwana ina jiran in ga da wace fuska mai gida zai tashi.