Tsohuwa Mai Jita

Da kamfanin kula da tsofaffi ya tura ni gidanta a Manhattan, abin da aka gaya mini kawai shi ne tana da ciwon rawar jiki, kuma mafaɗaciya ce. Da sassafe nake hawa jirgin ƙasa daga unguwar Morris Heights, in tarar da ita a bakin taga, furfura a barbaje, tana zagin tantabaru.

Mama nake ce mata, yadda muke kiran kowace tsohuwa a Zangon Kumasi. Ta ce ita ba ta haifi kowa ba, amma ba ta hana ni ba.

Akwai jitoci jingine da bangon falonta, ni ke goge musu ƙura. Na ɗauka na marigayin mijinta ne. Ranar da na faɗa mata haka, ta yi dariya har ta sarƙe.

"Wane miji? Nawa ne. Da su na ci abinci, da su na kara da maza."

'Yata, wadda ke sakandare a lokacin, ita ta fahimtar da ni. Muna cin tuwo na ambaci sunan tsohuwar, sai ta tsame hannu daga kwano.

"Umma, kin san wa kike yi wa wanka?" Da Turanci ta faɗa, don Hausa ji kawai take yi.

Ta nuna mini bidiyo a waya: wata siririyar mace rungume da jita, tana rera waƙar rok kamar maƙogwaronta zai tsage, jama'a na amsa mata. Ta ce a zamanin da ake miƙa wa mata waƙa su rera kawai, wannan da kanta take rubuta nata, kuma saboda ita 'yan mata da yawa suka ɗauki jita. Har da ita 'yar tawa, da ke koyo a makaranta.

Washegari na ba Mama labarin 'yata. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Kawo ta," ta ce. "Yatsuna sun mutu, amma kunnena yana nan."

Dokar aiki ta hana mu kai iyali gidan da muke jinya. Na nemi izini, aka ce in jira. Da izinin ya fito, yarinya na tsakiyar jarrabawa, ga azumi ya kama. Muka ce sai bayan Sallah.

Ranar hutuna Mama ta faɗi a banɗaki. Daga asibiti ba ta dawo ba. Mako guda rediyo na sa waƙoƙinta, ni kuma an riga an tura ni wani gida a unguwar Jamaica.

Yanzu 'yata na kiɗa da ƙawayenta. Wani lokaci takan tambaye ni me Mama ke cewa game da waƙa. Ni dai na san ba ta son madara a shayi, na san kafaɗar da ke mata ciwo idan sanyi ya shigo. Su nake gaya mata, ita kuma ta zauna tana saurare.