Gadar da Kaka Dije Ta Ƙi a Ƙetare Mata

Har yau in wani ya ce mini wasan bidiyo ba na kowa ba ne, raina ɓaci yake yi, kuma ba na ɓoyewa. Kakata ce ta bar mini wannan faɗan gado.

A unguwar Jadid ta Sabha, wani birnin Larabawa can arewacin Sahara, na tashi, a shekarun da aka buɗe wa baƙaƙen fata ƙofa ana cewa Afirka duk gida ɗaya ce. Babanmu ya taho daga Damagaram yana aikin gona a Samnu, wani ƙauye a wajen birnin, sai ranar Alhamis muke ganinsa. Da ƙafarsa ta zauna, ya aika aka ɗauko mahaifiyarsa, Kaka Dije, wadda aka sa mini sunanta. Lokacin sanyi, da an idar da magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora shayi, mu kewaye ta.

Ba mu kaɗai ba ne. Gidan haya ne, cike da matafiya masu ɗan aikin yini kafin su wuce arewa, wasu Hausarsu ba ta wuce ta kasuwa ba. Kaka ba ta taɓa barin mutum a waje ba. In ta ga baƙo ya yi zuru, sai ta tsayar da tatsuniyar, ta koma baya, ta kwatanta da hannu, ta yi kukan jaki in ta kama, har sai ya yi dariya a inda ake dariya. Mu yara mu yi ta ƙorafi. Ta ce, "Tuwon da baƙo bai iya haɗiyewa ba, mai tuƙin ce ba ta iya ba."

Wata Alhamis Baba ya dawo da tsohuwar na'urar wasa da ɗan mai gonar ya gaji da ita. Yayana Isuhu ya jona ta da talabijin, cikin kwana biyu tsakar gida ta watse. Har da ni, ba zan yi ƙarya ba. A wasan, wani matafiyi ne ke neman garinsu. Yana ratsa duwatsu, rana na faɗuwa a bayansa, wata sarewa na busawa mai sa jiki ya yi sanyi. Can gaba akwai karyayyiyar gada, bayanta kuma gari mai koren ƙofa.

Kaka ta yi kwana uku tana wucewa ta bakin ɗaki wai neman carbinta take yi. A na huɗu ta shigo ta zauna.

"Wanda ya zana wannan faɗuwar ranar ya taɓa yin nisa da gida," in ji ta. "Angona, miƙo abin nan."

Isuhu ya tuntsire da dariya. "Kaka, wannan ba na tsofaffi ba ne fa."

"Da kai aka yi shawarar? Miƙo."

Ƙetare gadar sai an danne maɓalli ɗaya da ƙarfi, a taɓa na biyu daidai bakin ramin. Yatsun Kaka kuwa sanyin ƙashi ya tanƙware su, ko zaren allura ni ke sa mata. Matafiyin ya faɗa rami. Ta sake, ya faɗa. Ta sake har na daina ƙirgawa, gumi na tsattsafo mata cikin wannan sanyin. Isuhu ya ce ta kawo ya ƙetare mata, ba wuya.

Ta janye hannunta. "Sahara na keto a bayan kamyo, motar kaya, ba wanda ya keto mini ita. Ɗan ramin nan ne za a ƙetare mini? In ba da hannuna ba, na yafe garin."

Ta miƙe ta koma bakin wuta, kunya ta sa muka bi ta. Ta buɗe da irin tata buɗewar: "Ga ta nan, ta sha hanya." Muka amsa, "Ta zo ta sha ruwa."

Wai an yi wani gwanin haƙar rijiya, ya haƙa wadda ruwanta ya fi na kowa daɗi. Amma don a san shi gwani ne, sai ya matse bakinta, ya yi mata guga mai nauyi wanda sai ƙarti ke iya ja. Tsofaffi da masu ciki suka roƙe shi ya sassauta, ya ce wanda bai iya ja ba ai bai cancanci sha ba. Suka koma tafki suna shan ruwan laka. Rani ya yi, samari suka tafi ci-rani, rijiya ta zauna ba mai ja. Shekaru suka tura, shi ma ƙarfi ya bar shi. Rannan aka same shi zaune a bakin rijiyarsa, yana jin ƙamshin ruwan, igiya na zamewa daga hannunsa. Wata tsohuwa da ya taɓa kora ce ta miƙa masa ruwan tafki a ƙwarya.

"Ƙurunƙus, na karkaɗe zanina," in ji Kaka. Sai ta nuna ɗakin talabijin da haɓa. "Wancan abin naku rijiya ce mai daɗin ruwa, ban raina ta ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Duk sanyin nan ta yi ta gwadawa in Isuhu ya tafi makaranta, ni ina gefenta. Shi ya daɗe da shiga garin, amma duk sanda ya fara ba ta labarin abin da ke ciki sai ta toshe kunnuwa. Da zafi ya shigo, ciwo ya tsananta, Baba ya mayar da ita Damagaram. Can ta rasu, ba ta ga bayan koren ƙofar ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Yau sana'ata ke nan, ƙirƙirar wasanni. Masu cewa wasa shirmen yara ne, ina amsa musu da tsohuwar da ta kalli faɗuwar rana a talabijin ta gane kewar gida. Amma faɗana ya fi zafi da abokan aikina, masu cewa in aka sauƙaƙa wasa an zubar masa da daraja, wanda bai iya ba ya je ya koya. Kaka ta koya iyakar koyo. Yatsunta ne ba za su miƙe ba. A wasana na farko na kafe sai an sa hanyar da maɓalli ɗaya ya isa, ba gaggawa, ba faɗawa rami. Muka yi ta kai ruwa rana, na ce ko a sa ko a cire sunana. Aka sa. Mai tafiyar tsohuwa ce mai zane da carbi, kuma akwai gada.

Isuhu ya daɗe da barin wasa, tun da injin kwaɓa siminti ya tafi da yatsunsa uku a wurin gini. Na aika masa da wasan nawa. Bayan kwana biyu ya kira ni.

"Takwarar Kaka, na ƙetarar da ita."

Na ce, "A'a, Yaya. Da ƙafarta ta ƙetare."