Mushe Sadi da aikin da ba a liƙa shi a allo

Mushe Sadi ɗan Tasawa ne; Mushe ake ce wa malamin boko a nan. A shekarar 2014 aka turo shi Gure koyar da lissafi a kwalej, ya sauka a tasha da jaka ɗaya da katifa ɗaya, yana cewa shekara biyu zai yi ya nemi canji. Yau shekararsa goma sha ɗaya a garin, da mata da 'ya'ya uku, har Barbarci yake ciniki da shi a kasuwa.

Abu guda ya dame shi tun zuwansa. In ka tambayi ɗalibai sittin me za su zama, arba'in za su ce aikin buro, wato na ofis, goma likita, sauran ba su ma sani ba. Ba wanda ya san buro nawa ne ma ke ɗaukar mutane. Sai ya sayi kaye, littafin rubutu mai shafi ɗari biyu. Kowace Asabar da hantsi ya hau moto, wato babur, ya zaga allunan sanarwa biyar: na ofishin magajin gari, na asibiti, na ofishin ilimi, da na ƙungiyoyin agaji biyu. Duk takardar neman ma'aikaci da aka liƙa sai ya kwafe ta: wane aiki, wace shaidar karatu, mutum nawa. Cikin shekara uku ya tara sanarwa ɗari biyu da goma sha biyu. Da wannan kaye yake ba 'yan ajin ƙarshe shawara, kuma tana kama su, don ɗalibansa bakwai suna aikin jinya yanzu.

Bara, wata Litinin, aka raba takardar zaɓin makarantar gaba, wadda za a miƙa wa darakta ran Juma'a kafin salla. Abin da ɗalibi ya sa a layin farko, shi ake fara dubawa in ya ci birebe, jarrabawar gama kwalej. Rahila, 'yar Malam Ila mai lambu, wadda ba a taɓa ture ta daga ta ɗaya a kimiyya ba, ta kawo tata. A layin farko ta rubuta lantarki, makarantar koyon sana'a ta Damagaram.

Mushe ya buɗe kaye. "Rahila, duba nan. Jinya, sanarwa tamanin da huɗu. Lantarki, uku. Uku fa, a shekara uku. Kanki ya fi ƙarfin zaman kashe wando."

"Mushe, kayen naka ya taɓa zuwa kwarinmu?"

"Kwarinku akwai allo?"

"Babu allo. Akwai famfon sola da ya mutu yau kwana goma sha tara. Da guga muke ba albasa ruwa."

Ya yi dariya, ya miƙa mata magogi. Ta goge, ta rubuta jinya, don ba a saba musu da shi ba. Amma ya ga da fensir ta rubuta, ba da biro ba.

Kwana goma sha taran nan ya hana shi sakat. Ran Laraba bayan an tashi ya hau moto, kilomita tara, sau biyu yana sauka yana turawa cikin rairayi. Ya tarar da Malam Ila a bakin rijiya ƙarƙashin dabino, rabin fangalin albasa ya yi ruwan ɗorawa.

"Baba Ila, da famfon ya lalace wa kuka nema?"

"Mai gyara mana. Yana Damagaram."

"Ina kuka sa sanarwa?"

Tsohon ya dube shi, ya ajiye guga. "Sanarwa kuma? Mushe, mu Ɗan Talata muke faɗa wa. Kowa shi yake faɗa wa."

Ɗan Talata direba ne, sau uku a mako yake Gure zuwa Damagaram. Ran Alhamis da sassafe Mushe ya same shi a tasha yana ɗaure kaya a saman mota.

"A'a, Mushe sarkin ƙirga! Yau tayoyina za a ƙirga? Huɗu ne, na biyar ya sha iska."

"Wayarka nake so."

"Wayata? Ko uwargida ba ta taɓa ta."

"Saƙonnin masu neman mai gyara kawai. Ni zan sayi shayin."

"To da madara."

Suka zauna a benci. Ashe duk mai lambu ko makiyayin da ke buƙatar ma'aikaci, saƙon murya yake aiko wa Ɗan Talata, da Hausa ko da Barbarci: in ka shiga birni ka ce wa wane ya zo. Daga Gamu ake aikowa, daga Alakoss, daga kwaruruwan da Mushe bai taɓa jin sunansu ba. Ɗan Talata yana kunnawa, Mushe yana jan layi a kaye. Fasinja suka fara guna-guni, direban ya ce su yi haƙuri, ana jarrabawa. Minti hamsin da biyar suka yi, na wata huɗu kawai suka saurara. Mai gyaran famfon sola da wayoyinsa, saƙo arba'in da bakwai. Mai duba dabbobi, talatin da ɗaya. Mai walda, goma sha biyu.

"Masu gyaran su nawa ne?" in ji Mushe.

"Biyu na sani. Ɗaya ma ba ya zuwa in ba famfo uku suka mutu wuri ɗaya ba."

Mushe ya rufe kaye. Shekara uku yana ƙirga aikin masu hatimi, masu rubuta Faransanci su liƙa da gam. Masu lambu da masu garke ba su da allo, shi ya sa bai taɓa sa su a lissafi ba. Bai tsaya jin haushin kansa ba, aji ya nufa. Ya rubuta lambobin a gaban ɗalibai sittin da biyu, ya ce: "Lissafina na da ba ƙarya ba ne, amma rabi ne. Ga ɗaya rabin. Duk mai son karɓar takardarsa ya sake tunani, ya zo."

Tara suka taso. Rahila ce a gaba.

"Ki sani," ya ce mata, "wannan aikin ba albashin wata. Hawa rufi ne, da rana, da rairayi. Baba ya yarda?"

"Ya ce in koyo da wuri, ƙugunsa ya gaji."

Ya ciro biro daga aljihu ya ba ta.

Ran Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya ya kai takardun buron darakta. Darakta ya juya ta Rahila, ya ɗaga gira. "Mushe, ta ɗayan ajinmu za mu tura lantarki? Mace?"

"Arba'in da bakwai suna nema, biyu suna gyarawa, ranka ya daɗe. Sa hannu."

Ya sa. Rahila ta ci birebe, sunanta ya fito a watan Satumba. Su ashirin da takwas ne a ajin lantarki, mata biyu, kuma a jarrabawar zangon farko ita ta zo ta huɗu.