Tsohuwar Firinta da Hutun Yaya

Yayata mace ce da ba ta yarda a taɓa abin da ta saita. Tun muna yara haka take. Idan keken ɗinkin Mama ya fara tsallake zare, ita ce za ta zauna ta murɗa nan ta sassauta can har ya daidaita, sannan ta kafa doka cewa duk wanda ya kusanci wannan ɗan sukurun, shi da ita ne. Har Mama mai keken sai da ta koma neman izini. Ni da na girma na zama tela, har yau in zan murɗa sukurun kekena sai na ɗan waiga.

Da ta gama karatu ta samu aiki a wani ofishin masu zanen gine-gine, a hawa na biyu, saman wani kantin fenti. Ita ce mai kula da kwamfutocinsu. Aikin ya dace da halinta ƙwarai, domin a can an ba ta abin da take so tun tana ƙarama, wato ikon cewa a'a. Kowane ma'aikaci yana da nasa sunan shiga, yana yin zanensa, yana aikawa a buga. Amma saka sabuwar na'ura, ko canza saitin wadda ke nan, sai da sunan Yaya da kalmar sirrinta. Ko filas na ajiyar bayanai ka soka, kwamfutar za ta yi kamar ba ta gan ka ba. Shi kansa Oga mai ofishin bai tsira ba, tun ranar da ya sauko da wani abu daga intanet don ya haɗa wayarsa, ya kwantar da rabin kwamfutocin ofis. Ta ƙwace izininsa a gabansa, shi kuma ya yi godiya.

Abin da ya fi ɗaure ta da ofishin wata ƙatuwar firinta ce mai buga zanen gidaje a kan faffaɗar takarda. Tsawonta ya kai gado, kuma ta girmi wasu ma'aikatan a aiki, shi ya sa suke ce mata Tsohuwa. Kowace na'ura tana da wata 'yar manhaja da ke fassara tsakaninta da kwamfuta, masu aikin suna kiranta direba. To Tsohuwa ba ta jin yaren kowa sai na tsohon direbanta. Kwamfuta kuwa da ta sabunta kanta sai ta yi karambani ta sauya shi da sabo. Daga nan Tsohuwa za ta buga rabin gida ta tsaya, ko ta matse zanen har ƙofar falo ta koma kamar ta kejin kaji. Yaya za ta zo ta mayar da tsohon direban, ta gyara faɗin takarda, ta rage saurin da saƙo ke bi ta cikin waya, ta shafa gefen firintar kamar mai lallashin kaka.

Mutumin da ya fi kowa shan wahalar wannan doka shi ne Malam Mai Zane, dattijon da ya fara aiki tun ana zane da fensir da rula, kuma har yanzu fensirin na maƙale a kunnensa. Shi ne ke buga yawancin zanen. Kullum roƙonsa ɗaya ne.

"'Yata, ki buɗe min ko da wurin faɗin takardar nan ne. Ba sai na riƙa tayar da ke ba."

"Malam, kai da duk abin da kwamfuta ta tambaye ka sai ka ce mata eh?"

"To ai ladabi ne."

Haka suka yi shekaru, ba ta buɗe ba, shi ma bai daina roƙo ba.

Sai ga Yaya da ciki, bayan an daɗe ana jira har Mama ta daina tambaya. Murna a gidanmu ba a magana. Amma da cikin ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau, likita ta dube ta ta ce babu sauran hawa bene, babu ofis, babu tashin hankali, kwanciya kawai har ta sauka. Ta faɗa mata a fili cewa in ta yi wasa, abin zai iya taɓa ta ya taɓa jaririn. Na rufe shagona na tare a gidanta don in tsare ta.

Ban taɓa gadi mai wuya irin wannan ba. Kwanciya dai ta kwanta, amma da ƙaramar kwamfutarta a kan matashi, tana leƙa ofis daga gado. Mijinta ya ɓoye cajar a cikin injin wanki, ta sa aka kawo mata wata. Mama ta yi faɗa, Yaya ta yi kunnen uwar shegu da ita. Waya na ƙara za ta zabura, wai wani ya kasa haɗa sikana, na'urar ɗaukar hoton takardu. Raina ya riƙa ɓaci, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran tsoro ne, don ni ke ɗaura mata na'urar awon jini safe da yamma, ina ganin ba ya sauka.

Wata rana da hantsi Oga ya kira. Kwamfutar da ke haɗe da Tsohuwa ta sabunta kanta, ga zanen wata makaranta da za a miƙa kafin a tashi aiki, kuma Tsohuwa ta buga azuzuwa ba rufi ta yi shiru. Wannan gyaran ba ya yiwuwa daga gado, dole sai mutum yana wurin yana zare waya yana mayarwa. Ina fitowa daga kicin na tarar da Yaya ta yafa mayafi tana kokawar tura kumburarriyar ƙafarta cikin takalmi.

Na tsaya a bakin ƙofa. "Yaya, sai dai ki bi ta kaina."

"Matsa min, yanzu zan dawo."

"Zauna in auna ki. In ya yi kyau, ni da kaina zan kai ki."

Ta zauna tana hararata. Da na'urar ta gama matse hannunta, sai ta nuna jinin ya ƙara hawa. Yaya ta ɗora tafinta a kan cikinta, ta daɗe a haka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar yayata ba sai ranar.

"Kira min Malam," ta ce.

Daga kan gadon ta buɗe jerin masu iko da kwamfutocin ofis, jerin da sunanta kaɗai ke ciki, ta ƙara sunan Malam Mai Zane tana cije leɓe kamar ana cire mata haƙori. Na sa wayar a lasifika na ajiye a tsakaninmu.

"Malam, buɗe jerin na'urori. Kada ka ce wa komai eh sai ka karanta min."

Malam ya ɗauki umarnin da gaske. Komai ya gani sai ya karanta, har da kwanan wata da ke ƙasan allo. Ta ce ya nemo firintar ya dakatar da ita tukuna. Muka ji ƙyas, sai shiru.

"'Yata, kibiyar nan ta daina motsi."

"Me ka dakatar?"

"Na biyu daga sama."

"Malam, linzamin kwamfutar ka kashe!"

Na ɗauka za ta fashe da faɗa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, tana riƙe ciki tana share hawaye. Ta bi da shi ta maɓallan rubutu, danna wannan, sauka ƙasa, danna wancan, har linzamin ya farfaɗo. Suka mayar da tsohon direban, suka gyara faɗin takarda, suka hana kwamfutar sake taɓa shi. Ya zare waya ya mayar. Ta cikin lasifikar muka ji Tsohuwa ta yi gyaran murya ta fara jan takarda, ofis ya kaure da tafi.

"Saura abu ɗaya," in ji Yaya. "Koma jerin masu iko. Ka ga sunana? Cire shi."

"Naki kuma?"

"Na san halina, Malam. In ka bar shi, gobe ma zan leƙo. In na dawo ka mayar."

Ya ce kwamfutar tana tambaya ko ya tabbata. Ta ce wannan karon ya ce mata eh. Ta rufe ƙaramar kwamfutarta ta miƙo min, ta juya ta yi barci har la'asar.

Jinin bai sauka a rana ɗaya ba, amma ya sauka. Ta haifi 'yarta mace lafiya, mai ƙaramin hanci da babbar murya. Da 'yan ofis suka zo dubiya, Oga ya buɗe baki da abin da yake ganin albishir ne.

"Ki kwantar da hankalinki, komai na tafiya daidai. Tsohuwa ko tari ba ta yi ba."

Na ga fuskar Yaya ta canza. "Ko sau ɗaya?"

Malam ya dube ta, ya dubi Oga, ya sosa kunne. "A'a, ranar Laraba ta ɗan yi gardama. Sosai ma. Na ce da 'yata na nan da tuni an wuce wurin."

Yaya ta gyara zama, ranta fes. "Me ta yi? Me ka taɓa?"

Ya fara bayani tiryan-tiryan, ni kuwa ina kallonsa na san ƙirƙira yake yi. Yana tsakiyar zancen faɗin takarda jaririyar ta yi hamma, ta kama ɗan yatsan uwarta ta riƙe gam. Yaya ta sunkuyar da kai tana kallonta. Malam ya ci gaba, ya kai wurin zare waya, sai ya lura ba mai sauraronsa.

"Kina ji, 'yata? In ƙarasa?"

"Bar shi, Malam," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Yadda ka yi ɗin ya yi."