Ruwa ya ritsa da ni a Hoi An

'Yan uwa na Guangzhou, yau da igiya aka ja ni sama kamar buhun shinkafa!

Kun san na leƙo Vietnam kafin a gama ɗinka min jeans a Xintang, nan kusa da Guangzhou. Da safe na fita zaga tsohon garin Hoi An ni kaɗai. Mai otal ya ce, "Kogi na cika, kar ka yi nisa." Na ce masa ni da na haddace lungunan unguwar Xiaobei ta Guangzhou, ina zan ɓata?

Ina cikin ɗaukar hoton gidajen katako sai ga ruwa a titi. Kafin in juya ya kai gwiwa. Kafin in gane hanya ya kai ƙugu! Ga shi ban iya iyo ba. Salati kawai nake.

Na faɗa wani gida da na gani a buɗe, nan ma ruwa. Sai ga igiya ta sauko ta wata 'yar ƙofa a silin, ashe da ita masu gidan ke jan kujerunsu zuwa bene in ruwa ya zo. Wata tsohuwa da ɗanta suka jawo ni, takalmana suka bi ruwa.

Tana ɗan jin Sinanci. Na ce, "Mama, kwalekwale fa?" Ta ce, "Meiyou." Babu!

Fasfona yana otal, a tsallaken kogi. Jirgina gobe da safe, kuma gobe ake loda kwantenata. Don Allah wanda ke kusa da Xintang ya tsaya min, cajina ya kusa ƙarewa!

Yanzu na tambaye ta yaushe ruwan zai janye. Filo da bargo ta miƙo min.