Injiniya Musaddiq da Bakin Katako

Musaddiq kafinta ne a Bauchi, amma in ka kira shi kafinta ko waiwayowa ba zai yi ba. Injiniya ake cewa, kuma shi ya naɗa kansa. Ya yi shekaru yana buga benci da akurkin kaji, sai gine-gine suka ɓarke a Gwallameji, kowa na son bene, rana ɗaya ya wayi gari gwanin matakala.

Hajiya Radiyya, mai sayar da atamfa a Kasuwar Muda Lawal, ita ta ba shi aikin katakon dafawa na matakalar benenta. Tsakani da Allah ya yi ƙoƙari, ya samo madaci mai kyau, ya goge shi da samfefa har yana ƙyalli. Sai dai da ya iso ƙarshe, ya sa zarto ya datse, ya bar bakin katakon a zare kamar mashi.

"Injiniya, wannan bakin fa?" in ji Hajiya. "Jiya sai da ya fizge mini gyale."

"Haba Hajiya, ai haka ake yayi a Dubai," in ji mutumin da iyakar tafiyarsa Jos. "Gyalen ne bai saba da bene ba."

Ranar walimar tarewa ya zo cikin babbar riga ta shadda, ta sha sitaci. Ba wanda ya sa shi, ya ja baƙi zuwa sama yana bayanin aikinsa. Wajen saukowa yana gaba, yana ɗaga hannu kamar mai neman ƙuri'a, sai bakin katakon ya cafke hannun rigar. Ƙiiii! Ta yage har ƙasa, ta juya shi, ya zauna daram cikin tiren masa da miya.

"Sannu Injiniya," in ji Hajiya daga falo. "A Dubai haka ake sauka?"

Ya fita ta ƙofar baya, miya na ɗiga, kunya ta hana shi tare keke, ya taka har gida.

Washegari da sassafe ya dawo, ko gaisuwar kirki babu. Ya yanka guntayen madaci a karkace, ya haɗa da gam, ya lanƙwasa bakin ya shige bango, sama da ƙasa. Ya yini yana gogewa, yana gwadawa da gefen rigarsa ko zai kama.

Tun daga nan duk benen da ya shiga a garin nan, ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ya shafa ƙarshen katakon matakala ya girgiza kai.

"Kafintocin zamani! So suke su kashe mutane."

In aka tambaye shi inda ya koyi wannan dabara, sai ya gyara hula ya ce a mafarki aka nuna masa.