Ranar da Kwamfutar Motar Baba Ta Sha Ruwa

Ana sallame sallar asuba muka bar gida a Umdurman, ni da Baba da Kaka. Alhilla Kuku muka nufa, wajen yayan Kaka. Zai tafi Makka ta jirgin ruwa, kuma ya ce ba zai dawo ba, can yake so ya ƙarasa kwanakinsa. Motar da za ta kai shi Sawakin, inda tashar jirgin take, za ta tashi bayan la'asar. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin magana a waya, don haka in Kaka ba ta gan shi yau ba, shi ke nan. Tafiyar kuwa gada biyu ce kawai.

Kafin mu shiga, Baba ya yi abin da ya saba tun da na'urar sanyaya motar ta mutu. Ya ɗauki buta ya yayyafa wa dardumar ƙasan mota ruwa, kamar yadda muke yayyafa wa tsakar gida da yamma. Gefen Kaka ya fi shan ruwan, domin ita ce ba ta son zafi.

Muna tsakiyar gadar Farin Nilu wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban Baba. Motar ta yi tari biyu ta mutu. Sojan da ke bakin gada ya shiga ɗaga mana hannu wai ba a tsayawa a nan, sai ka ce kallon ruwa muka zo. Wasu fasinjojin bas suka sauko suka tura mu, kowa yana faɗin ciwon motar ba tare da ya leƙa ta ba. Bayan ɗan lokaci ta tashi da kanta, muka shiga Khartum, ta sake mutuwa. Na lura duk sa'ad da za ta mutu sai in ji wani ɗan ƙas-ƙas daga wajen ƙafar Kaka, da wari kamar na ƙonanniyar roba. Na buɗe baki zan faɗa, na ga fuskar Baba, na rufe.

Da turi da addu'a muka isa Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, guduma ta ko'ina. Bakanike na farko dattijo ne. Ya kara kunne a jikin injin, ya lumshe ido, ya ce fulogi ne. Aka canja fulogi. Ba mu kai ƙarshen layin ba ta mutu. Na biyu ya rantse famfon mai ne, ya ɗaga kujerar baya, ya ciro shi, ya same shi lafiya lau, ya mayar, bai ko ji kunya ba. Rana ta take. Muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi a wajen wata mai shayi a gindin bishiyar bedi. Burodin ya ƙara ƙanƙancewa, lomata uku ya ƙare.

Kaka ta ce, "Ɗan nan, ka tsayar mana da motar haya."

"Inna, ina da mota ki shiga gidan Kawu a ta haya? Wallahi minti goma."

Minti goman nan sau huɗu na ji shi.

Bayan azahar aka nuna mana wani usɗa, haka ake kiran gwanin bakanike a nan, wanda ke da na'urar bincike. Shi bai kara kunne ba. Ya soka igiyar na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ya jira, ya ce kwamfutar motar ba ta amsawa. Duk da haka bai yi gaggawar ɗora mata laifi ba. Ya auna batir, ya ciro fis ɗaya bayan ɗaya, ya bi wayoyi yana taɓa su da wata ƴar fitila. Ya ce wuta tana zuwa har bakin kwamfuta, amma ba ta aika wa fulogi umarni, ba ta aika wa masu feshin mai. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne me ya kashe ta.

Maza biyar ne a kan motar. Na matsa kusa da Kaka na raɗa mata abin da na ji tun safe. Ita kuwa ba ta san raɗa ba.

"Usɗa! Yarinyar nan ta ce ka duba ƙarƙashin ƙafata!"

Duk suka juyo. Na so ƙasa ta tsage. Usɗan ya dafa dardumar, ruwa ya taso tsakanin yatsunsa. Ya cire wani murfi a gefe, sai ga ƙaramin akwatin ƙarfe, kwamfutar ke nan. Da ya buɗe shi, cikin ya yi kore, ga farin gishiri kamar kanwa.

"Ya Hajj, wa ke ba motar nan ruwa?"

Baba ya ce saboda zafi ne. Usɗan ya ce, "To ta ƙoshi."

Sabuwa ba ta samuwa, an ce takunkumi ya hana shigowa, sai dai a nemo ta tsohuwar mota da aka farfasa. Usɗan ya ce dole lambar da ke jikin akwatin ta zo daidai, don haka na kwafe ta a bayan littafin lissafina. Baba ya tafi ya dawo yana murmushi da wata. Na gwada, harafi ɗaya ya bambanta. Wannan karon da bakina na faɗa. Baba ya ce harafi ɗaya me zai yi? Usɗan ya sa shi ya koma ya canjo ta. Ta biyun ta dace. Usɗan ya cire kan batir, ya busar da wurin, ya ɗaura ta, sannan ya zauna da na'urarsa yana haɗa ta da makullin motar, domin in ba ta san makullin ba, ba za ta bari injin ya tashi ba. Ana kiran la'asar motar ta tashi da murɗawa ɗaya.

Muka haye gadar Shuɗin Nilu a cikin cunkoso. Kaka tana ta gyara mayafinta.

A ƙofar gidan muka tarar da kujera ɗaya babu kowa a kai. Ƴar yayan Kaka ta fito ta rungume ta. Ta ce tun azahar yake zaune a nan, duk motar da ta shigo layin sai ya miƙe. Direban ya yi haƙuri har ya gaji, sun tafi ba a daɗe ba. Aka kira yayan nata a waya aka miƙa wa Kaka. Ta ce, "Yaya, ni ce, ka yafe mini." Daga inda nake tsaye ina jin muryarsa: "Na'am? Wa ke magana?"

Mun koma Umdurman gab da magariba. Motar ta yi ta tafiya sumul kamar ba ita ba, abin da ya fi komai ba ni haushi ke nan. Da farko Baba na ɗora wa laifi, shi da butarsa da minti gomansa. Amma ni ma na ji ƙarar nan tun muna kan gadar farko, na riƙe ta a baki har bayan azahar, wai kada a kalle ni. A makaranta ana yabona cewa ba ni da surutu. Kaka dai ba ta ga yayanta ba.